Idan Mota Ta Taka Ƙafa: Yadda Za Mu Auna Diyyar da Ta Dace

Ranar kasuwa ce. Motar ɗaukar kaya tana ja da baya a bakin tasha, sai tayarta ta bi ta kan ƙafar wani manomi da ya kawo masara. An kai shi asibiti. Kwana uku bayan haka direban ya zo gaisuwa tare da shugaban tasharsu, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ajiye naira 50,000. Dattawa suka dubi juna suka ce, “Tsautsayi ne, ba da gangan ya yi ba. Mun yafe.” Aka yi addu'a, kowa ya watse.

Bayan wata takwas manomin yana ɗingishi har yanzu. Ba ya iya tsayuwa a kan kunya. An sayar da awaki biyu da buhunan da aka ajiye domin damina, an cire yaro ɗaya daga makaranta. Direban kuwa yana ganin maganar ta ƙare tun ranar da aka ce an yafe.

Mun ji irin wannan labari sau da yawa a ƙauyukan da muke aiki. Yawanci babu mugu a cikinsa. Kuskuren ɗaya ne: an yanke kuɗin ƙafar tun ba a san yadda ƙafar za ta ƙare ba.

Ƙafa ba ƙashi ɗaya ba ce

Daga idon sawu zuwa yatsu akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi wajen 33 a kowace ƙafa. Dukan nauyin mutum, da na buhun da ke kansa, a nan yake sauka. Shi ya sa rauni biyu da suke kama da juna a ranar farko suna iya rabuwa nesa daga baya.

Karayar yatsa, ko ta ɗaya daga cikin dogayen ƙasusuwa biyar na gadon ƙafa, takan haɗe cikin mako shida zuwa takwas, mutum ya koma aikinsa. Karayar ƙashin dunduniya dabam ce. Sau da yawa likita yakan hana taka ƙasa har kusan wata uku, warkewa kuma tana iya kai shekara ko fiye. Wasu ba sa komawa aikin ƙarfi kamar dā, domin gaɓar da ke ƙarƙashin idon sawu ita ce take juya ƙafa a wurin da ba daidai ba, kamar kan kunya ko kan dutse, kuma ita ce karayar takan lalata. Mai aikin ofis yana iya jure wannan. Ga manomi, ko mace mai ɗauko ruwa daga rafi, babbar asara ce.

Akwai kuma raunin tsakiyar ƙafa, inda jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwa suke tsinkewa. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna shi, sai a ce targaɗe ne. Idan an ga jini ya kwanta a tafin ƙafa, ko mutum ya kasa takawa bayan kwanaki, a koma asibiti a nemi sabon hoto. Idan taya ta murƙushe naman ƙafa, kumburi yana iya toshe hanyar jini. Ciwo mai tsanani da magani ba ya kwantar da shi, ko yatsu su yi sanyi, su mutu, ko su canza launi, alama ce ta a gaggauta zuwa asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Idan akwai buɗaɗɗen rauni a nemi allurar tetanus. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa.

Sai maganar masu ɗori. Mun san mutanenmu da yawa wurinsu suke fara zuwa, domin suna kusa, kuɗinsu kuma da sauƙi. Amma ɗaurin karare mai tsauri a kan ƙafar da take kumbura ya sa an yanke ƙafafun mutane da yawa, musamman yara. Ban da haka, mai ɗori ba ya ba da takarda. Ranar da za a zauna lissafi, babu abin da za a nuna. Ko da iyali sun nace sai an je wurinsa, a fara ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, a ajiye hoton.

A raba biyan kashi biyu

Shawararmu ita ce kada a yi zama ɗaya a rufe magana. A zaman farko a yi maganar jinya kaɗai: wa zai biya asibiti, da magani, da kuɗin mota, da abincin mai jinya. A rubuta cewa abin da aka bayar na jinya ne, za a sake zama. Zama na biyu ya zo bayan likita ya ce ƙafar ta kai inda za ta tsaya. Ga ƙaramar karaya wata uku ya isa. Ga dunduniya ko murƙushewa a jira wata shida zuwa shekara.

Wannan tsari tsoho ne. A Littafin Fitowa, sura 21, aya 18 da 19, an ɗora wa wanda ya ji wa wani rauni abu biyu: ya biya lokacin da mai raunin ya yi a kwance ba aiki, ya kuma ɗauki nauyinsa har ya warke sarai. Ba wanda zai iya ƙirga kwanakin kwanciya tun mutum bai tashi ba.

Kafin zama na biyu a nemi rahoton likita a rubuce, da hatimin asibiti. Ya faɗi wane ƙashi ne ya karye, wane aiki aka yi, ko za a sake yin wani aikin, kamar cire ƙarfe, da kuma abin da mutumin ba zai ƙara iya yi ba. Idan raunin babba ne ya kyautu likitan ƙashi ya duba, a asibitin koyarwa mafi kusa ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Abin da ya riga ya fita daga gida

Wannan kashi shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, amma a nan ne mutane suka fi yin asara saboda rashin rubutu. A kotu irin wannan kuɗi sai an kawo shaidarsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba shi da rasit ko mai shaida, alƙali yana iya watsar da shi. Tun ranar farko a sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, a ba wani a gidan da ya iya rubutu. Kowace rana ya rubuta abin da aka kashe da wanda aka ba. Rasit kuma a tara su cikin leda ɗaya. Ɗan acaba ba ya ba da rasit, mai sayar da koko a bakin asibiti ma haka, amma littafin da aka riƙa rubutawa kullum shaida ne mai nauyi a gaban dattawa.

Bari mu koma ga manomin nan, mu sa wasu lambobi domin misali kawai. A ce haɗarin ya faru a watan Yuni, ana cikin noman farko. Asibiti da magani da hoto sun ci naira 180,000. Zuwa ganin likita sau takwas, shi da mai raka shi, naira 6,000 kowane zuwa, ya kama 48,000. Sandunan dogarawa 15,000. An ɗauki 'yan ƙodago su yi noma da maimai da huɗa, 120,000. Matarsa ta bar tuyar ƙosai kwana 18 tana jinya, ribar naira 2,500 a rana, ya kama 45,000. Jimla naira 408,000. Duk da 'yan ƙodagon, gonar da ta saba ba da buhu 20 ta ba da 14, domin ba idon mai ita. Buhu shida ke nan a kan wancan kuɗi. Yanzu a dubi naira 50,000 da aka ajiye a tabarma ranar gaisuwa.

A lura da aikin matar. Shi ne aka fi mantawa. Idan kuma mace ce ta ji raunin, sai a ji ana cewa ai ba ta da albashi. Ɗebo ruwa, da itace, da surfe, da goyo, da aikin gonarta, duk wani ne zai yi su a madadinta. Yawanci 'yarta ce, wadda za ta bar makaranta saboda haka. A tambaya nawa za a biya wani ya yi waɗannan ayyuka, a sa a lissafi. Inda aka rasa ma'auni ana iya duba mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mai da naira 70,000 a wata a shekarar 2024.

Abin da zai ci gaba da fita

Nan ne lissafi yake yin nauyi, nan ne kuma dattawa sukan ji kunyar buɗe baki. Idan likita ya ce ƙafar ba za ta koma daidai ba, asarar ba ta shekara ɗaya ba ce.

Ga hanyar da kotuna suke bi, a sauƙaƙe. A gano abin da mutum yake samu a shekara. A gano kashi nawa ne na aikinsa ya tafi. A duba shekarun aiki da suka rage masa. A ce manomin nan shekararsa 40, yana samun buhu 20, yanzu kuma kashi uku cikin huɗu na aikin kaɗai yake iya yi. Buhu biyar ke nan yake rasawa kowace shekara. Idan da sauran shekara 20 na noma a gabansa, buhu 100 ne. Ba a biyan ɗarin duka. Ana ragewa, domin kuɗin da aka karɓa a dunƙule yau ana iya juya shi ya haihu, kuma ba wanda ya san ko zai yi shekarun nan ashirin da lafiya. Amma ko an raba biyu, kowa a wurin zaman zai ga girman abin da ake magana a kai.

A sa kuɗin jinyar gaba ma: aikin cire ƙarfe, takalmi na musamman, maganin ciwon gaɓa da yakan biyo bayan karayar da ta shiga gaɓa. Idan an yanke ƙafar, ƙafar roba ba ta zama har abada, ana canza ta bayan 'yan shekaru. Yaro kuma yana buƙatar sabuwa duk lokacin da ya ƙara tsawo. Game da yara akwai ƙarin hattara. Idan karaya ta taɓa wurin da ƙashi yake tsiro, ƙafar tana iya gajarta ko ta karkace bayan shekara ɗaya ko biyu. Kada iyaye su yi saurin rufe maganar yaro domin sun ga ya fara gudu.

Abin da ba shi da rasit

Zafin ciwo, daren da ba barci, saurayin da ba zai ƙara buga ƙwallo ba, budurwar da ake kira gurguwa a bayan idonta. Doka ta yarda cewa waɗannan ma asara ce, alƙali kuma yana yanke musu kuɗi bisa ga abin da ya gani da abin da aka yanke a shari'o'i masu kama da wannan. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙayyadadden ma'auni a shari'arsu: cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, rasa ƙafa ɗaya rabin haka, kowane yatsa kuma kashi ɗaya cikin goma. Babbar kotun jiha ba ta da irin wannan jadawali, sai hankalin alƙali.

A zaman ƙauye, a ganinmu wannan ne kashin da mai rauni yake da cikakken iko ya yafe, idan zuciyarsa ta ba shi. Zafin nasa ne. Amma kuɗin asibiti da abincin yara ba nasa ba ne shi kaɗai. Idan ya yafe su, matarsa da 'ya'yansa ne za su biya. Mun ga inda aka matsa wa mai rauni da cewa mai bi na ƙwarai ba ya karɓar diyya. Ba mu yarda da wannan ba. Mutum yana iya gafarta wa direba da zuciya ɗaya, ya kuma karɓi kuɗin da zai ciyar da gidansa. Kuma idan za a yafe, a fara yin lissafin dukansa a fili, domin mai yafewa ya san abin da ya bari, wanda aka yafe wa kuma ya san abin da aka ɗauke masa.

Laifin wa?

Adalci yana da fuska biyu. Ba kullum direba ne yake da laifi duka ba. Wani ya hau bayan a-kori-kura ya zauna a kan kaya, ƙafafunsa suna lilo a waje. Wani ya diro mota tana tafiya. Wani ya tsallaka titi a buge. Mutum huɗu a kan babur ɗaya, ƙafar yaro kuma tana kusa da wayoyin taya. Kotu takan raba laifi. Idan aka ga kashi ɗaya cikin huɗu na laifin na mai rauni ne, sai a rage kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin: naira 400,000 ta koma 300,000. Ba a hana shi duka. Ƙaramin yaro kuwa ba a auna shi da ma'aunin babba. Direban da ya shigo kasuwa ko ya zo kusa da makaranta, wajibinsa ne ya sa ran yaro zai iya fitowa a guje.

Saboda haka a rubuta sunayen waɗanda suka ga abin da ya faru tun ranar, da lambar motar. Mai waya ya ɗauki hoton wurin da na ƙafar. A kai rahoto wurin 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, waɗanda lambarsu ta gaggawa ita ce 122. Wasu suna gudun haka don kada a ce sun kai ɗan'uwa ƙara. Kai rahoto ba ƙara ba ne, kuma kamfanin inshora zai nemi wannan takarda. A sani kuma cewa idan 'yan sanda suka kai direba kotu saboda tuƙin ganganci, tarar da ya biya ta gwamnati ce. Kotun tana iya umurtarsa ya biya mai rauni wani abu, amma neman cikakkiyar diyya magana ce dabam.

Wa zai biya?

Sau da yawa direban talaka ne kamar wanda ya taka, motar ma ba tasa ba ce. Idan yana kan aikin mai motar ne lokacin haɗarin, doka tana ɗora wa mai motar nauyi shi ma. A gayyace shi zaman. Kada a bar yaron mota shi kaɗai a gaban dattawa, maigidansa yana gida.

Sai inshora. Tun dokar 1945 wajibi ne kowane abin hawa a Nijeriya ya kasance da inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni, sabuwar dokar inshora ta 2025 kuma ta riƙe wannan wajibi. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, da naira 3,000 ga babur. Direbobi da yawa suna ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa 'yan sanda a shinge kawai. Ba su san cewa domin irin wannan rana aka yi ta ba. Za ku ji ana ambaton naira miliyan 3. Wannan adadi na ɓarnar dukiya ne, kamar motar wani ko katangarsa. Raunin jiki lissafinsa dabam ne. Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa. Ana iya bincika lambar mota a rumbun bayanan inshora da ake kira NIID, ta wayar hannu. Idan takardar ta gaskiya ce, mai motar ya sanar da kamfanin nan da nan, kafin ya yi wa kowa alkawarin kuɗi, domin jinkiri ko yin sulhu a bayan idon kamfani yana iya ba su hujjar ja da baya.

Wanda ya ji rauni yana kan aikin wani kamfani ko hukuma yana da wata ƙofar kuma, a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, ta hannun hukumar NSITF. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa a babban birnin jiharsa. Neman diyyar haɗari yana cikin aikinsu.

Jira yana da iyaka. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, bayansa ƙofa ta rufe. Idan motar gwamnati ce, wa'adin yana iya zama wata uku kacal. A irin wannan hali a ga lauya tun mai rauni yana kwance, kada a jira zama na biyu.

Ranar rubuta yarjejeniya

Idan babu inshora, mai motar kuma ba mai hali ba ne, kada a yanke abin da kowa ya san ba za a iya biya ba. Takardar miliyoyi da ba a biya ko sisi ba gaba kawai take haifarwa. A faɗi cikakken lissafi, sa'an nan a tsara biya kaɗan kaɗan, wata wata ko kaka kaka. Ba lalle duka ya zama kuɗi ba. Direba yana iya ɗaukar nauyin kai mai rauni asibiti, ko kai amfanin gonarsa kasuwa kyauta na wasu shekaru. Danginsa suna iya fitowa gayya a gonar. Tun da darajar naira tana sauka, bashin da zai ɗauki shekaru gara a rubuta shi da buhu, a ce buhun masara kaza kowace kaka, ko kuɗinsa a farashin ranar biya.

Masu sasantawa kada su zama dangin ɓangare ɗaya. Fasto ko dattijon ikkilisiya, da mai unguwa, da wakilin ƙungiyar direbobi, idan direban Musulmi ne kuma a gayyaci limaminsu ko wani babba nasu. Matar mai rauni ta zauna a wurin, ko wata daga zumuntar mata ta zauna tare da ita, domin ita ta san abin da aka sayar da abin da aka ranto.

Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar Turanci da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Takardun kamfani da na lauyoyi sukan ƙunshi layin da ke cewa wannan shi ne biya na ƙarshe, babu sauran magana. Wanda ya sa hannu a kan wannan, da wuya ya sake samun ko kwabo, ko da ƙafar ta ruɓe daga baya. Idan ana cikin jinya ne, a soke layin, a rubuta da hannu cewa kuɗin jinya ne kawai. A yi kwafi uku: ɗaya ga mai rauni, ɗaya ga direba, ɗaya kuma a ajiye wurin mai unguwa ko a akwatin takardun majami'a, a rubuta ranar zama na gaba a ƙasansa.